Jingar Manhaja a Kan Takarda: Raddi ga Masu Auna Ɗalibi da Yawan Shafuka

Gabatarwa

A sassan koyar da kimiyyar kwamfuta na jami'o'i da dama a yankinmu, har yau akwai wata al'ada da ta kamata a ce an daɗe da binne ta. Malami zai ba da jinga, ya ce a rubuta manhajar da za ta jera sunaye bisa tsarin abacada, ko wadda za ta lissafa makin ɗalibai. Ɗalibi zai je ya rubuta, ko ya samo a wurin wani, ya kai shagon buga takardu a fitar masa da ita a shafi huɗu ko biyar, a yi mata bango mai ɗauke da sunansa da lambarsa da tambarin jami'a, ya miƙa wa shugaban aji. Shugaban aji ya tattara, ya ɗaure, ya kai ofis. Daga nan har ranar da za a liƙa sakamako, babu kwamfutar da za ta karanta wannan manhaja ko sau ɗaya. Wasu malaman da suke ganin sun waye sun sauya takarda da hoton fuskar kwamfuta a WhatsApp, ko fayil ɗin Word ta imel. Duk kanwar ja ce.

Da'awar wannan rubutu ita ce, karɓar jingar manhaja ta wannan hanya zalunci ne ga ɗalibi mai ƙwazo, kuma rufin asiri ne ga mai satar aiki. A ƙarshe al'ummar da za ta ɗauki mai digirin aiki ita ce za ta biya kuɗin wannan sakaci, ranar da manhajar asibiti ko ta biyan albashi ta tsaya cak a hannun wanda ya ci maki mai yawa bai taɓa tayar da manhaja ba.

Na'ura ba ta karanta niyya

Ɗalibin Hausa ya fi kowa sanin abin da lanƙwasa ɗaya take yi. Tsakanin "kare" da "ƙare", ko "baki" da "baƙi", ɗan ƙugiya ne kawai a kan harafi. Amma idan wani ya rubuta "mun yi baki daga Maraɗi", mai karatu zai gyara masa a zuci ya wuce, domin ya san abin da ake nufi. Kwamfuta ba ta da wannan karamci. A harshen C, idan aka manta waƙafi mai ruwa a ƙarshen umarni, manhajar da ke fassara rubutun zuwa harshen na'ura za ta ƙi aikin gaba ɗaya. A harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, tazarar da aka bari a farkon layi ita ce take nuna ko umarni yana cikin maimaici ko yana wajensa. A matsar da layi kaɗan, ma'ana ta sauya.

To, me Word yake yi wa irin wannan rubutu? Yakan mayar da alamar zance miƙaƙƙiya ta koma lanƙwasassa, wadda Python ba ya karɓa. Yakan mayar da harafin farko na layi babba, sai umarnin da harshen ya sani ya koma baƙon suna. A kan takarda kuwa, lamba 1 da ƙaramin harafin l sukan yi kama, haka sifili da babban harafin O. Ashe abin da ya isa teburin malami gawar manhaja ce, ko da asalinta lafiyayya ce. Malamin kuma zai zauna da jan biro yana yin aikin da na'ura take gamawa cikin daƙiƙa, kuma ba zai yi shi daidai ba.

Kada a ɗauka wannan raina ilimin malamai ne. Donald Knuth, wanda duniyar wannan fanni take girmamawa, ya taɓa gargaɗin wani abokin aikinsa a 1977 cewa ya yi hattara da wata manhaja da ya aika masa, domin ya tabbatar da ingancinta ne ta hanyar hujjar lissafi kawai, bai gwada ta ba. Akwai kuma labarin binciken raba-biyu, wato hanyar neman abu a cikin jeri tsararre ta raba jerin gida biyu a kowane mataki, kamar yadda mai neman kalma yake buɗe ƙamus daga tsakiya. Jon Bentley ya kawo manhajar wannan bincike a littafinsa Programming Pearls na 1986, tare da hujjar ingancinta. Dubban masana sun karanta. Sai a 2006 Joshua Bloch ya bayyana cewa akwai kuskure a cikinta, kuma irin kuskuren yana cikin wadda shi da kansa ya rubuta wa harshen Java, inda ya kwanta kimanin shekara 9. Wajen neman tsakiyar jeri, ana haɗa lambobi biyu ne a raba biyu, kuma idan jerin ya haura abubuwa biliyan ɗaya, jimlar takan fi ƙarfin ma'ajiyar da aka tanadar mata. Abin da ya tona kuskuren shi ne manhajar wani da ta lalace tana cikin aiki. Idan idanun irin waɗannan mutane sun kasa gani cikin shekara 20, ina ga malamin da ke duba takarda ta 180 da ƙarfe goma sha ɗaya na dare? Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Abin da aka warware tun kafin mu sami 'yancin kai

Masu kare takarda sukan yi magana kamar gwada jinga a na'ura wata sabuwar ƙawa ce ta ƙasashe masu arziki. Tarihi ya ƙaryata su. A 1960, shekarar da Nijar da Nijeriya da Chadi da Kamaru suka sami 'yancin kai, Jack Hollingsworth na cibiyar fasaha ta Rensselaer a Amurka ya wallafa bayanin wata manhaja da take duba jingar ɗalibai da kanta. Tun shekarar da ta gabata ya fara gwada ta da ɗalibai 20, a kan kwamfutar IBM 650, kuma ta duba ayyukansu na farko cikin minti 5. Wannan kwamfuta ta cika ɗaki, amma mafi arhar wayar salula da ke aljihun ɗalibi a yau ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba.

A 1965 wasu ɗalibai huɗu na jami'ar Waterloo a Kanada suka rubuta WATFOR, mafassarin harshen Fortran mai sauri, wanda yake gaya wa ɗalibi inda ya yi kuskure da bayani mai sauƙi. Dalilin rubuta shi kuwa shi ne irin matsalarmu: ɗalibai sun yi yawa, kwamfuta ɗaya ce. A wancan zamani ɗalibi yakan huda katuna, kowane kati layi ɗaya mai gurbi 80, ya miƙa ta taga, ya jira sa'o'i kafin a ba shi sakamako. Da wahala, amma manhajarsa tana shiga na'ura, na'ura kuma tana ba shi amsa. Ɗalibin 1965 da katunansa ya fi ɗalibinmu na yau gata, ga shi kuwa namu yana riƙe da kwamfuta a tafin hannu.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari

Kowa ya san yadda jinga take yawo a aji. Mutum biyar ne suke rubutawa, sauran su sauya sunayen ma'ajiyoyi, su sauya bango, su buga. Malamai suna kuka da lalacewar tarbiyya, kuma suna da gaskiya, domin sata sata ce ko ta layi goma ce. Sai dai tsarin da suka zaɓa shi ne yake gayyatar ɓarawo. A ƙaddara aji mai ɗalibai 200, kowa ya kawo shafi 5. Shafi 1,000 ke nan. Wane ɗan Adam ne zai tuna cewa takarda ta 17 da ta 143 tsarinsu ɗaya, alhali an sauya sunaye an juya wasu layuka? Ɗalibai sun san ba zai iya ba, shi ya sa suke yi ba tare da fargaba ba.

Tun 1994 Alex Aiken ya samar da MOSS, manhajar da take kwatanta jingar ɗalibai da juna ta fitar da waɗanda suka yi kama, kuma sauya suna ko tazara ba ya ruɗa ta, domin ginin manhajar take dubawa. Kyauta ce ga malamai. A 1996 aka fara JPlag a jami'ar Karlsruhe ta Jamus, wadda a yau kowa zai iya sauke ta ya yi aiki da ita a kwamfutarsa ba tare da intanet ba. Babu ɗayansu da take yanke hukunci. Nuni kawai suke yi, malami ya duba da idonsa, ya kira ɗaliban ya tambaye su. Amma dukansu fayil suke ci, ba sa cin takarda, ba sa cin hoto. Malamin da ya ce a kawo masa takarda ya jefar da makaminsa tun kafin a fita fage.

Wanda ya fi cutuwa shi ne ɗalibin da ya kwana uku yana kokawa da kuskure har manhajarsa ta tashi. Ranar sakamako zai ga wanda ya kwafi tasa, ya ƙawata bango, ya sami maki daidai da nasa ko fiye. Darasin da zai ɗauka a bayyane yake, kuma a zango na gaba shi ma zai huta. Haka sashe yake kashe ƙwazon 'yan kaɗan ɗin da suka shigo da shi.

Tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamba na 2022, lamarin ya ƙara ta'azzara. Yanzu ɗalibi ba ya buƙatar aboki, cikin minti ɗaya zai sami manhaja mai tsabta wadda ba lalle ta yi kama da ta kowa a aji ba. Shafi biyar da aka buga ba su da abin da za su faɗa game da wanda ya rubuta su. Abin da ya rage wa malami shi ne ya ga yadda aikin ya girma daga rana zuwa rana, kuma ya ji ɗalibi yana bayaninsa da bakinsa.

Uzurori uku da amsarsu

Uzuri na farko shi ne wutar lantarki, kuma ba ƙarya ba ne. A watan Agusta na 2023 Nijeriya ta yanke wutar da take tura wa Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar take sha, ba a dawo da ita ba sai a watan Maris na 2024. Amma mai wannan uzuri ya manta cewa injin buga takarda da na fotokwafi su ma wuta suke sha, kuma sun fi kwamfutar tafi-da-gidanka ci. Bugu da ƙari, takardar da aka buga shaida ce cewa an riga an shigar da rubutun a kwamfuta. Fayil ɗin yana nan. An ƙara wa ɗalibi kuɗin bugu da na bango ne kawai domin a mayar da abu mai amfani ya koma marar amfani.

Uzuri na biyu shi ne tsadar intanet. A yi lissafi. Manhaja mai layi 100, kowane layi harafi 40, ba ta wuce kilobayit 4 ba. Hoto ɗaya na wayar zamani yakan kai megabayit 2 ko 3, wato ya ninka ta sau ɗaruruwa. Wanda ya karɓi hoto a WhatsApp ba shi da bakin kukan tsadar data. Ban da haka, ba dole ne a bi ta intanet ba. Moodle, wanda Martin Dougiamas ya fitar a 2002, yana aiki a kan kwamfuta ɗaya da aka ajiye a sashe, ɗalibai su haɗu da ita ta wayarsu a cikin harabar makaranta. Akwai ƙarin manhajoji irin su VPL da CodeRunner da ake ɗora masa domin ya gwada jinga nan take. Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, yana ajiye tarihin aiki a kwamfutar mai shi ba tare da intanet ba, kuma ana iya dunƙule tarihin duka a fayil ɗaya a ɗauka a filashi. Ɗalibin da ba shi da kwamfuta zai iya rubuta Python ya gwada a wayar Android ta hanyar Pydroid ko Termux. Duk waɗannan ana samun su ba tare da biyan ko dala ba.

Uzuri na uku shi ne mafi nauyi, kuma ya cancanci girmamawa. Masu shi suna cewa ɗalibin da ya saba da na'ura yakan zama mai lalube, ya sauya nan ya sauya can har abu ya tashi, bai san dalili ba, takarda kuwa tana tilasta masa tunani. Suna da babban limami, Edsger Dijkstra, wanda a 1988 ya ba da shawarar a koyar da 'yan shekarar farko da harshen da ba a ɗora shi a kan kowace kwamfutar jami'a ba, domin su koyi hujja kafin gwaji. Shi ne kuma ya daɗe yana nanata cewa gwaji yana iya nuna akwai kuskure, amma ba ya iya nuna babu. To amma sharaɗin Dijkstra shi ne kowace manhaja ta zo da hujjar lissafi mai tabbatar da ingancinta, malami kuma ya bi hujjar mataki-mataki. Wa ya taɓa ganin haka a cikin tarin takardun da shugaban aji yake kaiwa ofis? Sun bar na'ura, ba su kama hujja ba, sun yi biyu babu. Takarda tana da gurbinta: a zauren jarrabawa, da wajen tsara matakan warware matsala, da wajen bin manhaja layi-layi da hannu domin a fahimci tafiyarta. Jingar da aka ba mutum mako biyu ya yi a gida kuwa, hujjarta ita ce ta tashi ta yi aiki.

Kada a gudu daga kura a faɗa bakin zaki

Akwai kuma waɗanda suka bar takarda suka mayar da na'ura abar bauta. Sun kwafo tsarin wasu ƙasashe har da rufe ƙofa da ƙarfe 11:59 na dare, wanda ya makara da minti ɗaya ya sami sifili. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gabar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga matsalar sadarwa ta kwanaki. A yankin da haka take iya faruwa, kuma wuta take ɗaukewa ba sallama, wa'adin da ba shi da sassauci yana auna wanda yake da janareta ne a gidansu. Jami'o'in da aka kwafo tsarin daga gare su ma da yawansu suna ba kowane ɗalibi 'yan ranakun uzuri a zango, ya yi amfani da su lokacin da ya ga dama ba tare da ya roƙi kowa ba.

Haka nan, manhajar da take duba jinga amsa kawai take gani. Ɗalibin da tunaninsa daidai ne amma ya ƙara tazara ɗaya a sakamako zai iya faɗuwa, wanda ya yi rubutu a hargitse ya haye. Saboda haka na'ura ta ɗauki aikin jaki, wato gwaji da kwatance, malami ya riƙe aikin hankali. Kwas ɗin CS50 na jami'ar Harvard, wanda David Malan yake jagoranta, yana ba ɗalibi damar gwada aikinsa da check50 kafin ya miƙa shi da submit50. Duk da haka ba su tsira daga sata ba, shi ya sa a 2014 suka kafa ƙa'idar cewa wanda ya yi ba daidai ba, ya kai kansa cikin sa'o'i 72, za a hukunta shi a cikin kwas ɗin ba tare da an kai shi gaban kwamitin ladabtarwa ba. Sun gane cewa mafi yawan sata tana faruwa ne da tsakar dare, lokacin da wa'adi ya matso, tsoro ya rufe ido.

Abin da ya kamata a yi

Na ɗaya, a karɓi jinga a matsayin fayil na tsurar rubutu, wanda na'ura za ta iya tayarwa, a daina karɓar takarda da hoto da Word. Na biyu, malami ya ba da wasu misalan gwaji tare da tambaya, ɗalibi ya san ma'aunin da za a auna shi da shi, ya ɓoye wasu domin kada a rubuta amsa da ka. Na uku, daga shekara ta biyu a wajabta miƙa aiki da tarihinsa na Git, domin aikin da ya faɗo daga sama dare ɗaya, cikakke ba gyara, ya bambanta da wanda aka gina cikin kwana goma. Na huɗu, kowane ɗalibi ya sami shaidar miƙawa mai kwanan wata da lokaci, a rufe ƙofar "ban ga takardarka ba", wadda ta sa ɗalibai da yawa maimaita kwas ba da laifinsu ba. Na biyar, a ba da ranakun uzuri uku ko huɗu a zango.

Na shida kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A makarantar allo, almajiri ba ya wanke allonsa sai ya zo gaban malam ya biya karatunsa. Kyan rubutun allo ba ya wadatarwa. A kira ɗalibi na minti biyar, a buɗe manhajarsa, a ce ya bayyana abin da layi na 30 yake yi, ko ya sauya ta yadda za ta jera sunaye daga ƙarshe zuwa farko. Wanda ya rubuta da kansa zai yi yana murmushi. Wanda ya kwafa kuwa, ramin ƙarya ƙurarre ne. Idan aji ya yi yawa, a zaɓi kashi ɗaya cikin biyar ta ƙuri'a a kowace jinga, ɗaliban digiri na biyu su taimaka. Sanin cewa ana iya kiran mutum ya isa ya gyara halin aji guda.

Kammalawa

Babu telan da yake yaye yaronsa saboda ya zana riga a takarda, sai ya yanka yadi ya ɗinka, an saka an ga ta zauna. Sashen da yake ba da digirin kimiyyar kwamfuta bisa tarin takardun da ba a taɓa gwadawa ba yana sa hannu ne a kan shaidar abin da bai gani ba. Kayan gyara suna nan, kyauta ne, wasunsu sun girmi malaman da suke ƙin amfani da su. Abin da ake buƙata shi ne tsohuwar kwamfuta ɗaya a ofishin sashe, da batir, da shugaban sashen da zai ce daga wannan zango an daina. Ɗalibai kuma, musamman masu yin aikinsu da kansu, su ne ya kamata su fara neman wannan sauyi ta bakin wakilansu, domin makinsu ne ake rabawa da waɗanda ba su yi komai ba. Kafin a amsa musu, kowannensu ya ɗora wa kansa dokar da sashe bai ɗora masa ba: kada ya miƙa manhajar da bai tayar da ita ya gwada da hannunsa ba.